Faifan Inna Nagode

Shekarar da aka tare gulbi a Bakolori, ruwa ya riƙa cin Tungar Dikko gida-gida. Aka ce kowa ya kwashe ya koma sabon wuri can wajen Maradun. Kowa ya ɗaure kaya, ban da Inna Nagode.

Ba taurin kai ba ne, 'ya'yana. Ɗanta ɗaya tilo, Barau, ya bi fataken shanu Kudu tun ba a fara zancen ruwa ba, kuma shiru. In ya dawo ya tarar da tafki a inda ya bar uwarsa, me zai ɗauka? Zai yi mata addu'a ya juya, shi ke nan.

Ran kasuwar Mafara ta je wurin Ɗan Asabe mahauci, abokin Barau, ko an ji labari. Babu. Rediyonsa na rataye jikin rumfa yana ta surutu.

"Inna, ji wani aikin banza," in ji shi yana sara ƙashi. "Wai Turawa sun aika faifai sama, can bayan taurari, da gaisuwa a ciki, ko akwai wasu halittu su ji."

"Faifai? Sun san akwai mutane can?"

"Ina fa! Sallama ce a kango."

"To in an tsinta, ƙaƙa za a san masu shi?"

"Wai sun zana gidansu a jiki."

Shi faifan garmaho yake nufi. Ita kuwa Inna faifai ɗaya ta sani, na kaba, wanda ake rufe ƙwarya da shi. Ta yi tsaye ƙudaje na sauka a hannunta ba ta kore su ba.

Ta koma gida ruwa na lasar dangarta, ta jiƙa kaba, ta rina ja da baƙi. Ta saƙa irin zanenta na ƙafar zabuwa, wanda duk Tungar babu mai yinsa sai ita, wanda Barau ya buɗe tuwo a ƙarƙashinsa tun yana rarrafe. Ta ɗaure shi a tsamiyar da ke bakin hanya, fuskarsa na duban Maradun. Sannan ta yarda ta hau motar kwasa.

Da ta dawo dubawa bayan sati, tsamiyar ma sai kanta ake hange.

Ta zauna a bakin ruwan ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta kira sunan Barau, ita da ko a gabansa ba ta taɓa faɗinsa ba don kunyar ɗan fari.

Kasuwa ta zagayo, sai ga ta a rumfar Ɗan Asabe da sababbin faya-fayai, idanu sun faɗa, yatsu duk sun tsage.

"Ka ba direbobin shanu. Kowace mota ɗaya, su rataya a gaba inda za a gani."

"Inna, Kudu fa faɗi gare ta."

"Ta kai sama faɗi?"

Ya goge hannu ya karɓa.

"Su Turawan, an amsa musu?"

"Ba a amsa ba tukuna."

"Sun bari?"

"Wai suna nan suna saurare."

Ta gyaɗa kai, ta wuce layin masu kaba.