Kowa da Tayarsa

A tsakiyar bonet ɗin motar Kaka akwai wani siririn layin datti, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, ya taso daga gilashi har zuwa hancinta. Na daɗe ina ganinsa kafin na gane dalilinsa. Baba ne ke wanke gefen direba, ƙanensa Baffa yana wanke ɗaya gefen, kuma kowannensu yana tsayar da soso kafin ya kai tsakiya, don kada a ce ya yi wa wani aiki.

Taguwa ake ce mata, sunan da Kaka ya sa mata ke nan. Tsohuwar fowil ce, irin motar nan mai ja da tayoyi huɗu, mai dogayen ƙafafu, Kaka ya rasu ya bar wa 'ya'yansa uku: Goggo, sai Baba, sai Baffa, wanda har gobe Baba ke kira Auta duk da furfurar da ta cika masa gemu. Baba da Baffa ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, ko da a kan ko za a yi ruwa yau ne, sai wannan: Taguwa ba ta sayarwa ba ce. Goggo kuwa ta gaji. A daminar bara motar ta kafe da ita a rafin da ke hanyar gonar Kaka, ta fito da ƙafa, takalminta ɗaya yana can har yanzu.

"Ran Asabar za mu koma rafin nan," in ji ta. "In ta haye, ku ci gaba da shirmenku. In ta kafe, dillali ya tafi da ita. Na gama magana."

Idan Goggo ta ce ta gama magana, to ta gama.

Bakanike ya duba ya ce injin lafiya lau yake, tayoyin gaba ne suka daina ja. Makullan da ke tsakiyarsu, waɗanda ke kama kansu da kansu idan an sa fowil, sun cinye. Ya ba da shawarar a sa na hannu: mutum ya sauko, ya murɗa na kowace taya, sannan ya shiga ya ja giya. Ya ƙara da cewa sai duka biyun sun kulle, ɗaya ba ya aiki shi kaɗai. Da ya ce a kawo ya ɗaura, Baba ya ce shi ya koyi tuƙi a motar nan tun bakaniken bai zo duniya ba. Baffa ya ce shi ma haka, kuma shi bai taɓa kai ta cikin katangar maƙwabta ba.

Aka kawo makullan a kwali, aka baje tabarma a tsakar gida. Kowa ya ɗauki nasa ya koma gefensa. Takardar bayanin da ke cikin kwalin kuwa, Baba ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin gwiwarsa saboda tsakuwa. Ni aka ɗora wa riƙon kwanon kusoshi, da kai saƙo, domin ba sa magana kai tsaye in suna aiki. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa duk suke ce mini Uwata.

"Uwata, ce wa wancan ya miƙo sifana."

"Uwata, ce masa ina amfani da ita."

"Ce masa da ita yake aiki ko hira suke yi?"

Sifana ɗaya ce ta dace da kusoshin, haka ta yini tana sintiri ta ƙarƙashin mota. Suka cire tsofaffin makullan, baƙi ƙirin da tsohon giris. Akwai wani ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe da bakin sandar taya. Na Baffa ya fito salin alin. Na Baba ya yi tsalle, ya wuce ta gefen kunnensa, ya faɗa kaskon ruwan kaji. Baba ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ya taka a hankali kamar mai zuwa duba lafiyar kajin, ya tsamo shi.

"Me ya yi ƙara?" in ji Baffa daga can gefen.

"Aikin gabanka," in ji Baba.

Kafin la'asar sababbin makullan sun zauna, suna sheƙi, kowanne da ɗan marfi mai kibiya. In ka murɗa dama ya ce ƙas, ya kulle. In ka mayar hagu ya ce ƙas, ya saki. Kowannensu ya yi ta murɗa nasa kamar yaro da sabon agogo, yana kuma leƙen na ɗan'uwansa ta wutsiyar ido.

Da muka shiga ciki Baba ya ce mini, "Auta bai taɓa ƙarasa aiki ba tun yana goye."

Da na raka Baffa ƙofa ya ce, "Yaya komai nasa baibai yake yi, sai dai girma ya hana a faɗa."

Ran Asabar an kwana ana ruwa. Dillali ya biyo mu a babur, cikin farar riga, yana kauce wa kududdufai. Baba kuwa bai kauce wa ko ɗaya ba, don haka kafin mu isa rafi laka ta shafe makullan, ba kibiya ba rubutu. Goggo ta ce a sauke ta a bakin gaɓa, ba za ta sake yi wa rafin nan kyautar takalmi ba. Na sauka na tsaya kusa da ita. Daga inda muke muna ganin gefen motar duka biyu.

Baba ya sunkuya a tayarsa, ƙas. Baffa ya sunkuya a tasa, ƙas. Da nan aka tsaya da an haye.

Sai Baba ya yi gyaran murya ya ce bari ya duba safayar taya, ya zagaya ta baya. Baffa ya ce fitila kamar ta yi datti, ya zagaya ta gaba. Taguwa doguwa ce, ba wanda ya ga wani. Baba ya tsuguna a tayar Baffa, ya gwada marfin ya ji ya ƙi gaba. Ya girgiza kai irin na "ai na sani", ya murɗa shi ta inda ya yarda ya tafi. Ƙas. A daidai lokacin Baffa yana yi wa tayar Baba irin wannan taimakon. Suka koma mazauninsu, kowa fuskarsa fal da annurin wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Duk a kan idona aka yi. Yaya zan ce wa iyayena sun yi kuskure, ga baƙo a tsaye?

Taguwa ta shiga rafi da ƙarfinta. Ta kai tsakiya, ta yi nishi, ta zauna. Tayoyin baya suka yi ta haƙa rami suna watsa laka, na gaba kuwa suna tsaye kamar 'yan kallo.

Baffa ya diro, ruwa har ƙwauri. Bai ko kalli tayarsa ba, ya nufi ta Baba ya murɗa. Ƙas, ta kulle. Baba ya leƙo ta taga.

"Kai Auta! Wa ya aike ka? Ɗauke hannunka daga tayata!"

Ya sauko ya mayar da ita yadda take, wato a sake. Don ya rama, ya zagaya ya murɗa ta Baffa. Baffa ya bi shi a guje, babbar riga na jan ruwa, ya mayar.

"Tawa daidai take, Yaya!"

"Tawa ce daidai!"

Na matsa kusa da kunnen Goggo. "Goggo, duka biyun a buɗe suke. Kowa ya kwance wa kowa."

"Na gani," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Gwiwa ce ke damuna, ba ido ba. Ƙyale su."

Na kalli Baba, hularsa ta karkace, laka har gira, ya dafa ƙofar motar da tafin hannu kamar yadda ake dafa marar lafiya. Ya daina faɗan ma.

Dillali ya matso yana murza hannu. "To Hajiya, Allah ya yanke wahala. Gobe zan turo a ja ta."

"Wanda zai saya ɗin, ya iya lallaɓa tsohuwar mota dai ko?" in ji Goggo.

Ya yi dariya. "Wa zai hau wannan? Ai yanka ta za a yi. Injin akwai mai niƙa da ke so. Jikin a auna a kilo. Kujerar direban ma wani mai aski ya ce a ajiye masa."

"Wace kujera?"

"Ta gaban. Duk da ta lotsa a tsakiya, amma in aka cusa mata tsumma..."

Kaka ne ya lotsa kujerar nan. Baba ya fi shi tsawo, amma bai taɓa yarda a gyara ta ba, a haka yake tuƙi a ɗan karkace.

Goggo ta sunkuya ta cire takalmanta, ta miƙo mini.

"Riƙe da kyau. Sababbi ne."

Ta tattare zane ta shiga ruwa. Ta kalli Baba, ba ta ɗaga murya ba.

"Babba, shiga ka zauna. Auta, kai ma. Hannu a kan cinya. Wanda ya sake saukowa, ni na yi muku wanka kuna yara, ban manta yadda ake kama kunne ba."

Suka shiga. Ta goge fuskar makullin da bakin mayafinta har kibiya ta fito, ta ɗago ta kalle ni.

"Uwata, ina ne?"

"Dama, Goggo."

"Wancan gefen fa?"

"Shi ma dama."

Ƙas. Ta zagaya tana dafa bonet, daidai kan layin dattin nan. Ƙas. Ta koma gefe ta ɗaga wa Baba hannu.

Baba ya ɗan ja da baya, ya sa giya. Tayoyin gaba suka yi kamar an tashe su daga barci, suka damƙi ƙasa. Taguwa ta yi girgiza, ta fito daga raminta, ta haye gaɓar can tana zubar da ruwa. Lakar da ta watso ta ƙarshe ba ta sami kowa ba sai farar riga.

Daga can muka jiyo su.

"Ka ga aikin tayata?"

"Tayarka? Tawa ce ta fara kamawa, ina ji a jikina!"

"Ku yi mini shiru," Goggo ta ɗaga murya tana matse mayafi. "Kun raba mota gefe da gefe kun manta da ni. To na sami rabona. Daga yau makullan nan nawa ne, wanda ya taɓa su sai da izinina."

"To Yaya, in ba kya nan fa?" in ji Baffa.

"Sai ku zauna a gida."

Na juya in ba dillali haƙuri a kan rigarsa. Har ya kai wurin babur ɗinsa. Bai tayar da shi ba, turawa yake yi a hankali, yana bin gefen hanya inda ciyawa take, gudun kada laka ta ƙara samunsa.