Rijiyar Ƙofar Gidan Gwaggo

"Rijiyar tawa ce haɗari?" in ji Gwaggo, tana ƙare wa Ciyaman kallo daga hula har takalmi. "Da kake zuwa ɗiba da jarka a bayan keke, haɗarin barci yake yi?"

Ciyaman, shugaban kwamitin unguwa ke nan, ya gyara zama a kujerar falonta, ya saki murmushin nan na masu neman ƙuri'a. Wai abin ba na faɗa ba ne. Kwalta ta iso, an ja famfo, shagunan bakin titi suna son wurin ajiye mota, ita kuwa rijiya ta tsaya a tsakiya kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Sai da maganar ta fita ya tuna da wa yake zance.

Gwaggo ta shanye wannan, don abin da ke cinta ya fi haka. Lokacin da marigayi mijinta ya kawo ta nan, babu komai sai gonaki da karnuka, dangi suna ta tsegumi wai ya kai 'yar mutane daji. Shi ya haƙa rijiyar da hannunsa, ita tana jan ƙasa a bokiti, ga tsohon cikin Auta. Daga baya aka yanka filaye, mutane suka yi ta tururuwa. Duk bulon da ke layin nan da ruwanta aka kwaɓa shi: gidan mai kemis, makarantar kuɗi, har benen Ciyaman, wanda a lokacin lebura ne mai wando ɗaya. Yanzu kowa ya ja katanga ya ɗora waya, gaisuwa ma sai ta gilashin mota. Amma har gobe kwandasta in ya zo kwanar cewa yake, akwai mai sauka a Rijiya?

Ciyaman ya ce ai ba za a manta da marigayi ba. In an cike ta aka shafe da siminti, za a kafa allo da sunansa.

"Allon za ku sha ran da famfo ya ɗauke? Ko ka zaci ban ga direbanka shekaranjiya ba, yana satar jiki da jarkokin Madam?"

Ta waiwayi Auta, ɗanta, don ya sa baki. Shi kuwa ya duƙufa a kan waya kamar yau aka ƙirƙiro ta. Ɗaya daga cikin shagunan nasa ne, na tayoyi, kuma ya daɗe yana ƙorafin masu saye ba su da wurin tsayawa.

Ana haka sai ga ƙarar tifa a waje, tana ja da baya, wani yana buga mata jiki yana cewa taho, taho. Ciyaman ya sosa ƙeya, ya ce shi fa ya ɗauka Auta ya gama mata bayani, don Autan ne ma ya kira tifar ƙasar da za a cike rijiyar.

"Inna, da ma zan faɗa miki..."

"Ka faɗa."

Ta miƙe, ta ɗaure zani tamau, ta ɗauki kujerarta 'yar tsuguno da gugan da ke rataye bayan ƙofa.

"Ku ce wa direban ya juye. A kan murfin rijiyar zai tarar da ni."

Ta fice, ta bugo ƙofar har sai da hoton marigayi ya karkace a bango.