Motar Sulken da Aka Daina Harbi

A bayan shagon gyaran keken Rufino, can unguwar tashar jirgin ƙasa a birnin Rosario, akwai wani tebur da tsofaffi masu furfura suke yaƙi a kansa duk Asabar da la'asar. Kowa da hannunsa yake harhaɗa tankokinsa da motocin sulke daga 'yan bulullukan roba. A jera su bayan tsaunukan kwali, a jefa ƙwayar lido, ita ce mai faɗin wanda harsashi ya samu. Ƙoƙon shayin mate yana ta zagayawa, ɗaya daga cikinsu, Celestino, na zubawa, kuma ba mai cewa "na gode" sai wanda yake so a daina miƙo masa.

Doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: in aka harbe motarka, kai za ka wargaza ta a gaban jama'a, ka koma gida ka sake gini. Anselmo Ferreyra ne ya kafa dokar tun yana da gashi a ka. Shi ne ma mai cewa duk wanda ya shafa wa bulo gam, gara ya je ya sayi 'yar tsana.

To, baki shi ke yanka wuya. Bara hannunsa na dama ya fara karkarwa. Bulon da a da yake danna shi ido rufe, yanzu sai ya suɓuce ya shige ƙarƙashin gado. Da kyar da jiɓin goshi ya kammala wata motar sulke mai ƙafa shida, ya kuma san sarai in ta wargaje ba shi da hannun gina wata. Wanda ba shi da mota kuwa ba shi da kujera a teburin. Sai ya sayo gam, ya bi ta bulo-bulo yana shafawa, yana tsine wa kansa.

Da hagu ya koma jefa ƙwaya, damar tana aljihu. Motar kuma kullum tana laɓe bayan tsauni.

"Kai tsohon banza, kwanci motar nan take yi ne?" in ji Rufino wata Asabar. "Fito da ita ta sha iska, matsoraci!"

"Sanƙonka ne ke kashe wa direbana ido," in ji Anselmo.

Aka kwashe da dariya. Daɗin ya ɗebe shi, ya turo motar fili. Rufino ya jefa ƙwaya, ta ba shi abin da yake nema.

"Ta ci wuta! Wargaza, mai doka!"

Anselmo ya kama motar da hagu yana murɗawa, ko gezau. Rufino ya fizge ta, ya gwada, sannan ya kai ta hanci.

"Gam! Jama'a, ku zo ku ga mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi!"

Har da masu buga tebur don dariya. Anselmo ya zaro damar daga aljihu zai ƙwace kayansa, sai hannun ya hau rawa a kan tebur har tsaunin kwali ya kife. Kowa ya gani. Dariyar ta ɗauke ɗif. Rufino ya ajiye motar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Wallahi da Anselmo zai zaɓa, da sun ci gaba da dariyar har magariba.

Asabar ta zagayo, ya zo da shirin shan zagi. Sai ya tarar an ɗora wa kujerarsa matashi.

"Sannu da zuwa, Don Anselmo," in ji Rufino, mutumin da tun suna samari bai taɓa kiran sa da sunan arziki ba, yau ga shi har da "Don", laƙabin girmama dattawa.

Aka fara wasa. Anselmo ya turo motar tsakiyar fili, ba laɓewa. Ba wanda ya harbe ta. Ya matsar da ita har gaban tankar Rufino, tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba. Rufino ya juya bakin igwarsa ya auna wata motar ɗaukar kaya can nesa.

"Ga ni a gabanka, mai sanƙo. Harbe ni mana!"

"Ban hango ka ba, Don Anselmo."

"Ƙarya kake! Harbe ni!"

Rufino ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙwaya. Motar ta ratsa filin daga wannan baki zuwa wancan, ko ƙwarzane babu, har wani ya yi mata ɗan tafi. Anselmo ya bi motar da kallo. Ya shafa gam ne don kada ya rasa kujerarsa, ga shi kujerar tana nan, har da matashi, amma wasan ya bar shi.

Celestino ya miƙo masa ƙoƙon. Anselmo ya leƙa ciki, ya ga rabi aka zuba masa, don kada ya zubar. Ya zuƙe shi tas, ya mayar da shi da hannun da ke rawa, a gaban kowa.

"Na gode," ya ce.