Takardar Hanyar Hamsatou

Ranar Talata da hantsi aka ga Hamsatou matar Maharazu ta kife tukunyar shinkafa-da-wakenta da wuri, ta tsai da zem, ta ɗare bayan babur ɗin ta yi gabas. Laraba ma haka. Ranar Alhamis kuwa Wassila mai kitso har da barin kan mutane rabi a tsefe, ta fito bakin titi da mataji a hannu don ta ga wace gada za a bi. Kun dai san Zangon Kwatano. Kafin la'asar an gama shari'a: wasu suka ce malami take bi a Akpakpa, wasu suka ce fili take nema a ɓoye. Wassila ta ce ita fa ba ta ce komai ba, amma matar aure ba ta dawowa da yashin teku a takalmi haka kawai.

Yashin kam gaskiya ne, sauran duk ƙaryar unguwa ce.

Abin da ke akwai, uwar mijin Hamsatou, Inna Kadidja, ta zo daga Gaya neman maganin ciwon suga, kuma Litinin mai zuwa za ta koma. Idonta ya fara yana. Wata rana suna tsince wake tsohuwar ta ce, kamar da kanta take magana, marigayi Malam mijinta ya sha ba ta labarin teku da wani masallaci mai fenti kala-kala a Porto-Novo, ita ko a nan Zango abin da ta gani daga teku bai wuce katangar tashar jirgin ruwa ba. Hamsatou ta ce ai nan da can ne, titi ne shimfiɗaɗɗe, Baban Djamila sai ya kai su ranar Asabar.

Inna ta ture faifan waken. "Motar wancan? Gara in koma ban gani ba."

Tana da dalili. Maharazu ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki ta ce masa tsaya zan zagaya. Mai suga kuwa kowa ya san ba ya daɗewa bai nemi bayi ba. Shi kuma shekara ashirin yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Yamai, abin alfaharinsa shi ne ba ya taka birki sai don salla ko inda za a buga wa takarda hatimi. Ranar da ya ɗauko ta daga Malanbil da ƙaramar motarsa, tsohuwar nan ta ƙi shan ko ɗigon ruwa tun asuba don kada ta matsu, aka iso da ita sai asibiti, sai ƙarin ruwa. Shi kuwa ya ɗauka zafin rana ne.

To ka ji abin da ya hau da Hamsatou zem kwana uku. Ba kallon itatuwa kawai ta je ba. Duk inda ta ga wuri mai kyau a bakin hanya, sai ta sauka ta riƙe mara ta ce a taimaka mata da bayi. Ta duba ko ƙofa na rufuwa, ko dokin ƙofar ya yi wa tsohuwa tsawo, ko akwai ruwa a buta, ko akwai inuwar da yara za su yi tsalle-tsallensu nesa da titi. Bayin mutane goma sha ɗaya baiwar Allah nan ta shiga, ta zaɓi huɗu. Mai zem ɗin ma har ya ba ta shawarar ta ga likita.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta yagi takarda daga littafin makarantar 'yarta Djamila, ta ja layi, ta rubuta komai, ta ajiye wa mijin kusa da kwanon tuwo. Ta san halin kayanta: maganar baki yana iya musawa, amma takarda ko ta alewa ce sai ya gyara zama.

Ya karanta, ya ɗago. "Tsayawa huɗu? A tafiyar da ba ta kai shan shayi ba? Ni fa in na tashi daga nan ba na kashe inji sai Parakou."

"Can buhunan shinkafa kake ɗauka, Alhaji. Su ba sa amai. Djamila na yi."

"Wannan ta biyun fa?"

"Teku. Ɗanka Ousseini ya ce 'yan ajinsu duk sun taɓa, shi kaɗai ne bagidaje."

"Ta uku?"

"Kwale-kwale za mu kalla. Ka taɓa tsayawa ka kalli kwale-kwale?"

"In yi me da shi?"

"To gobe ka gani. Ga wurin sa hannu nan a kowace tasha, tunda kai ba ka yarda da tsayawa ba hatimi."

Ya yi tsaki, amma ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun gaba, inda yake sa ta aiki.

Inna ta fi wuya. Hamsatou ba ta ambaci bayi ba ko sau ɗaya, wannan ai cin fuska ne. Cewa ta yi yaran nan fitinannu ne, dole a riƙa sauke su suna shan iska, ita kuma ba za ta iya da su ita kaɗai ba. Tsohuwar ta ce, "Sau nawa za a sauke su?" Da ta ji huɗu, sai ta aika a ɗauko mata mayafinta mai ruwan toka a goge.

Asabar da safe suka haye gada, suka ratsa Akpakpa. Bayan shingen biyan kuɗin titi na Ekpe, Maharazu ya ciro takarda, ya duba, ya tsaya daidai rumfar wata mai burodi. Yara suka yi kan burodi mai zafi. Hamsatou ta ce, "Inna, rako ni bayan nan, ba na son zuwa ni kaɗai." Suka dawo Inna na gyara mayafi, fuska a sake.

A Seme kuwa sai wanda ya gani. Itatuwan kwakwa jere har inda ido ya ƙare, masunta na jan taru suna waƙa da yarensu, iska na ɗaga hular Ousseini. Inna ta tuɓe takalmi, ta riƙe hannun Hamsatou, ta taka har inda kumfa ke iyaka. Da ruwan ya zo ya lashe mata ƙafa ta ja da baya da salati, sannan ta koma da kanta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe Malam bai ƙara gishiri ba." Aka fasa mata kwakwa ta shanye, ta ce a ƙaro. Matar da ta yi wuni guda ba ruwa, yau ga ta da kwakwa biyu.

Nan fa aka samu matsala. Tasha ta uku, kafin gadar Porto-Novo, shagon wata mata ne mai kallon ruwa, da bayinta tsaf. Suka iso suka tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce ta tafi jana'iza ƙauye. Suka kalli kwale-kwalen a tsaitsaye suka koma mota. Gaba kuma ga cunkoso a bakin gada. Hamsatou ta saci kallon Inna, ta ga carbi na gudu a hannunta, yatsun ƙafa sun dunƙule cikin takalmi. In abin ya faru a motar ɗanta na fari, tsohuwar nan ba za ta sake taka Kwatano ba har ta mutu, kuma Hamsatou ce ta jawo.

Ta ɗaga ido sai suka haɗu da na Maharazu a madubi. Suna sauka gada ya karya kan mota cikin wani lungu da ba ya cikin takarda, motar ta yi wata irin shessheƙa, ta mutu a ƙofar wani gida mai shuɗin ƙyaure.

"Inji ya yi zafi," ya ce, yana kallon sitiyari. "Kowa ya sauka. Gidan Munzali ne, tsohon abokin tuƙina. Ku shiga ku gaisa da iyalinsa, gyaran zai ɗauki lokaci."

Hamsatou matar direba ce, ta san allurar da ke nuna zafin inji, ta kuma gan ta zaune a tsakiya lafiya lau. Ta kama hannun Inna suka shige. Da suka fito, ga Alhaji Maharazu, mai Kwatano zuwa Parakou ba birki, ya ɗaga murfin mota yana ta ƙura wa lafiyayyen inji ido, har da taɓa wata waya yana girgiza kai.

Suka ga masallacin, ja da rawaya da kore, Inna ta shafa bangonsa da tafin hannu ta yi wa Malam addu'a. Suka shiga lambun birai, wani ya fizge wa Djamila ayaba. A hanyar dawowa, wajen itatuwan kwakwar nan, tsohuwar ta buɗe gorar ruwa ta sha sosai, ta ce da ƙarfi yadda na gaba zai ji:

"'Yar nan, ki gaya wa direban nan motarsa ta iya lalacewa. Allah Ya yi masa albarka. In na zo ganin likita bayan salla, a nemo mini wata hanyar mu je gani."

Maharazu ya ce amin can ƙasa-ƙasa, da jar wutar titi ta tsai da su ya ciro takardar ya ƙara gidan Munzali a layi na biyar da hannunsa, ya sa hannu.

Wassila kuwa yanzu cewa take ita tun ranar Talata ta san abin alheri ne. Ta aiko sau biyu a ara mata takardar, wai uwar mijinta na zuwa daga Djougou.