Ranar da Goggo Ta Manta Hanyar Makaranta

A gidan rediyo Anti ake ce mata, tun daga maigadi har Manaja, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ma suka ɗauka. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiran ta haka ba, wato Goggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ke ce mata Uwata saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mata.

Shirin safe take gabatarwa, daga shida zuwa tara, kwana biyar a mako, don haka ƙarfe biyar ta bar gida. In an sauka daga shiri akwai taron tsara na gobe, ga naɗar hira, ga gyaran murya, sai azahar take isa gida ta ci abinci a tsaye. Da la'asar kuma tana tsohon zauren da ke bayan ɗakin karatu na gari, inda ƙungiyarsu ke gwaji. Maigidanta injiniyan ruwa ne, an tura shi wata tasha mai nisan awa biyar a mota, sai ƙarshen mako yake leƙowa, wani makon ma ba ya samu.

Mutane kan tambaye ta yadda take haɗa taura uku a baki, ta yi dariya ta ce tsari ne kawai. Har a rediyo ta taɓa faɗa wa mata haka, da muryar wadda ta san abin da take yi. Amma tsarin nan Goggo ce. Lokacin haihuwar fari ta zo da jaka ɗaya, da niyyar yin sati biyu, ga shi yarinyar ta shekara sha biyu, kowa na ce mata Yaya tun da aka yi mata ƙane. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba wanda ke jiran ta a ko'ina. Ita ke tashin yara, ita ke girki, ita ta san inda katin asibitin kowa yake da ranar da gas ke ƙarewa. Yaya motar makaranta ke ɗaukarta. Auta kuwa, ɗan shekara shida, Goggo ke riƙe hannunsa ta kai shi da ƙafa, tafiyar minti goma.

Ba wai babu alamu ba. An sha shayi da gishiri sau biyu. An tsinci makullin ɗaki a cikin firiji. Wata rana Goggo ta tambaye ta sau uku ko maigidan zai zo, tana ba ta amsa tana haddar layukanta na wasan kwaikwayo a gaban madubi. Ta ce a ranta tsufa ne, wa ya fi ƙarfinsa. Ta gani, ta kau da kai, domin in ta tsaya ta duba da kyau ba ta san abin da za ta yi da abin da ta gani ba.

Ranar Talata, saura kwana huɗu a buɗe wasan da suka yi wata takwas suna gwaji, tana zaune a ɗakin watsa shiri ita da baƙonta, wani jami'in dabbobi da ya zo bayani kan rigakafin kaji. Abokin shirinta yana hutun shekara, ita kaɗai ke riƙe da komai. Takwas ta ɗan gota wayarta ta fara rawa a kan tebur. Ta kife ta. Ta sake rawa, ta kuma sakewa. Da injiniyan sauti ya ɗaga mata hannu ta bayan gilashi alamar an shiga talla, ta cire abin sauraro daga kunne ta kira lambar.

Wani tela ne, a wata unguwa can bayan tashar mota, ya ga lambarta a rubuce cikin jakar yaro. Ya ce ga wata tsohuwa nan a kan bencinsa da yaro cikin kayan makaranta, sau uku suna wucewa ta ƙofar shagonsa. Tsohuwar ta ce masa an ɗauke makarantar daga inda take ba a gaya wa kowa ba. Ya ce kada ta damu, ya ba su ruwa, yana nan tare da su.

Injiniya ya fara ƙirga mata da yatsu. Ta mayar da abin sauraro, jar fitila ta kama, ta ji bakinta yana tambayar baƙo sau nawa ya kamata a yi wa 'yan tsaki allura. Minti hamsin ta yi a haka. Ta karɓi kiran masu sauraro, ta yi dariya inda ya kamata, har ta karanta sanarwar wata akuya da ta ɓata.

Da ta isa shagon telan, Auta na wasa da ƙyallaye a ƙasa, Goggo kuma ta haɗe rai kamar wadda aka yi wa laifi. Sai a cikin tasi Goggo ta juyo wajenta a hankali.

"Uwata, kada ki gaya wa maigidanki. Zai ce na zama kaya."

Washegari Anti ta fasa zuwa gwaji ta kai Goggo asibiti. Likitan matashi ne mai haƙuri. Ya tambayi Goggo ko yau wace rana ce, ta ce masa shi da yake da kalanda a bango ai bai kamata ya wahalar da tsohuwa ba. Ya yi dariya, ya faɗa mata kalma uku ya ce ta riƙe masa. Bayan ɗan lokaci ya nema, ta ce ba ta karɓi ajiyar kowa ba. Ya sa ma'aikaciyar jinya ta fita da ita awon jini, sannan ya yi wa Anti bayani. Akwai sauran gwaje-gwaje, amma ga dukkan alamu ciwon mantuwa ne, kuma ba jiya ya fara ba, ya yi shekara ko fiye. Magani yana rage masa gudu, ba ya tsayar da shi. Kada a bar ta da wuta, kada a bar ta ta fita ita kaɗai, in so samu ne kada a bar ta ita kaɗai ko a gida. Ya tambaya wa ke zama da ita da rana. Anti ta buɗe baki, ta ga amsar ita ce Goggo ke zama da kowa.

Ta bi mutane uku da maganar, ba wanda ya yi mata rashin kirki, abin da ya fi ɗaure ta ke nan. Da a ce wani ya yi mata tsawa, da ta sami wanda za ta yi fushi da shi. Maigidan ya ce mata a waya Goggo uwa ce a wurinsa, zai sake rubuta takardar neman a dawo da shi gari, ta uku ke nan. Ya ce ko za ta haƙura da wasan, tun da shi ba ya ciyar da kowa. Bai faɗa da gatse ba, ita ma ba ta iya ce masa a wurin ne kaɗai take jin numfashinta yana kaiwa ƙasa ba. Manaja ya jajanta, ya ce hutu sai abokin shirinta ya dawo ƙarshen wata, amma ya yafe mata taron bayan shiri, tana sauka ta tafi. In kuma tana so ya mayar da ita shirin yamma, sai dai shi ma awa uku ne a waje. Darakta, dattijon da ya kafa ƙungiyar tun tana ɗaliba, ya saurare ta yana kallon kujerun da aka jera a zaure. Ya ce lafiyar tsohuwa ta fi wasa, in ta ce a ɗaga za a ɗaga. Su biyun sun san ba mai maye gurbinta, ita ce ke kan dandamali daga farko har ƙarshe, kuma mutum tara sun ba da yammacinsu na wata takwas. Ta ce a bari kawai, za ta zo.

Ranar Asabar maigidan bai samu zuwa ba, babban injin tasharsu ya tsaya. Maƙwabciya ta karɓi Auta da murna, amma da aka zo kan Goggo ta sunkuyar da kai ta ce tana tsoron amana. Sai Anti ta sa wa Goggo kayanta masu kyau, ta zaunar da ita a layin gaba kusa da bango, Yaya a gefenta, ta ja wa yarinyar kunne kada ta saki hannunta.

Zaure ya cika. A wasan, Anti mai ɗinki ce da mijinta ya rasu, wanta kuma yana so ya sayar da gidan gado da take zaune a ciki. Wani malamin makaranta mai ƙaton murya ke fitowa a wan. Rabin farko ya tafi lafiya, har ta manta da layin gaba na ɗan lokaci, ta ji daɗin mantawar. Sai aka zo wurin rigima, malamin ya buga tebur ya nuna ta da yatsa yana ce mata ta kwashe tsummokaranta kafin wata ya mutu. A nan ya kamata ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta ba shi amsa. Cikin shirun ta ji takun silifas a kan matakala.

Goggo ce ta hau, tana dafa bango, Yaya na biye da ita tana jan gefen mayafinta, fuskarta kamar za ta fashe da kuka. Goggo ta wuce malamin ba ta ko dube shi ba, ta zo ta kama hannun Anti.

"Tashi mu tafi gida, Uwata. Ba a zama inda ake yi wa mutum haka. Ga shi na bar tukunya a wuta."

Zaure ya kwashe da dariya, wasu har da tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Goggo ta juya, fitila ta haske mata ido, ta ga duhu cike da bakuna suna dariya. Anti ta ji yatsun tsohuwar sun ƙanƙame ta. Ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar Goggo ba sai ranar.

"Su wane ne waɗannan? Me na yi musu?"

"Ba ki yi komai ba, Goggo. Baƙi ne, yanzu za su tafi."

Malamin ya yi ta maza, ya juya wajen 'yan kallo yana surutun cewa ga shi har an fara gayyato masa dangi, aka ƙara dariya. Anti ta riƙe Goggo ta sauka da ita ta bayan labule, ta zaunar da ita a kan akwatin kaya, ta durƙusa ta gyara mata silifas ɗin da ya kusa cirewa. Yaya na cewa wallahi ta riƙe ta, fizgewa ta yi. Anti ta shafa kanta ta ce ta sani. Daga dandamali tana jin malamin yana jan magana, dabararsa ta kusa ƙarewa. Darakta na tsaye da littafin wasa a hannu, bai ce ta koma ba, bai ce ta zauna ba. Ta miƙe ta koma, ta ɗauki layinta daga inda ta ajiye shi.

Da aka tashi, wata mata ta tare ta a ƙofa tana yaba tsohuwar nan da ta fito sau ɗaya, ta ce ita ta fi kowa iyawa, a ƙara mata wuri. Anti ta yi godiya. A hanyar gida Goggo ta yi barci a kafaɗar Yaya, yarinyar kuma ta ƙi kallon uwarta har suka sauka.

Ranar Lahadi matar Darakta ce ta zauna da Goggo a ɗakin canza kaya, da ƙofa a rufe, aka yi wasan ba abin da ya faru. Saura Asabar biyu da Lahadi biyu a gama nuna wasan. Amma kafin su akwai Litinin. Anti ta juya lissafin ta kowace fuska, ya ƙi fita. Ita za ta fita biyar, maƙwabciya za ta haɗa Auta da 'ya'yanta, motar su Yaya na zuwa bakwai. Daga bakwai zuwa tara da rabi babu kowa. Ta cire kan gas ta ɓoye, ta kwashe ashana da wuƙaƙe ta sa a saman kabad. Da asuba ta tashi Yaya, ta danƙa mata makulli, ta ce in za ta fita ta kulle ƙofar ta waje. Yarinyar ta dubi makullin a tafin hannunta.

"Mama, da Goggo a ciki?"

"Na awa biyu ne kawai."

Ta yi shirinta. Baƙon ranar bai zo ba, ta cike gurbin da kiran masu sauraro, wani ma ya ce muryarta ta yi daɗi yau. Tara na bugawa ta fice ba ta tsaya sallama ba. A ƙofar gida ta ciro nata makullin ta buɗe.

Goggo na zaune a kan kujerar roba daf da ƙofa, ta yafa mayafi, ta sa takalmin fita, gorar ruwan Auta a kan cinyarta cike taf. Ba alamar ta yi kuka ko ta yi bugu. Ta ɗago ta dubi Anti, ta dubi ƙofar.

"Ƙofar nan ta lalace, tun ɗazu nake murɗawa ta ƙi. Yaron nan zai makara. Ki sa a kira kafinta."

Anti ta ajiye jakarta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ta fara kwance mata takalmin.

"To, Goggo. Za a kira."