Gilashin Da Ba Ya Fashewa

A ƙarƙashin gada aka haife ni. Doguwar gada ce da ta ratsa kwarin da unguwarmu take, a kan ginshiƙan da in ka ce sai ka ga ƙarshensu hularka za ta faɗi. Ginshiƙin tsakiya a bayan ɗakin Inna yake, har igiyar shanyarta a jikinsa take ɗaure. Idan tirela ta hau sama, kwanukan cikin kabad sukan yi ƙara, muna yara mu ce gaisawa suke yi. Da na girma na zama injiniya a hukumar da ke duba gadoji, sai gaisuwar ta daina ba ni dariya.

Yayana mai zane ne, haka dai yake faɗa. Abin da ke ciyar da shi shagon firam ne, inda yake yanka gilashi yana rufe hotunan aure da takardun gama makaranta. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai firam. Ya tara gashi, yana rataya mayafi a wuya ko ana zafin da kare ke zaro harshe, kuma in ka tambaye shi me ya zana sai ya dube ka da tausayi, ya ce zane ba a bayaninsa. Shi ne shafaffe da mai a wurin Inna. Ni na yi shekaru ina karatun ƙarfe da kankare, amma in fitila ta mutu a gidan sai ta ce a jira Yaya ya zo ya duba.

Gadar ta kusa cika shekara ɗari, sai Daraktanmu ya ga abin yin biki. Mutum ne da bai taɓa shiga ƙarƙashin gada ba sai in ruwa ya tsare shi, amma ofishinsa cike yake da hotunan gadojin ƙasashen da ya je taro. Ya ɗauko wani Farfesan tarihi da ya rubuta cewa gadarmu waƙa ce da aka rera da dutse, suka kafa kwamiti, kwamitin ya ce a ƙawata ginshiƙin tsakiya da zane. Aikin ya faɗa hannun Yaya. Ranar da aka ba shi, Inna ta zaga maƙwabta tana sanarwa kamar an yi mata haihuwa.

A jikin ginshiƙin nan akwai tsohuwar tsaga, daga daidai tsayin mutum ta yi sama a karkace. Tsaga a tsohon gini ba abin tashin hankali ba ce, muddin tana nan yadda take. Abin tsoro shi ne ta riƙa buɗewa. Hanyar da muke gane wannan tsohuwa ce, kuma ba ta da tsada: a samo siraran gilasai kamar yatsa, a gitta su a kan tsagar, a kafe bakin kowanne dama da hagu da siminti mai ƙarfi. Gilashi ba ya lanƙwasa, ba ya kara. Idan tsagar ta buɗe ko da kaurin gashi ne, sai ya fashe. A ofis 'yan gulma muke ce musu. Ni da hannuna na jera su a ginshiƙin, kuma shekara da shekaru suna nan shiru.

Sai wata safiya ƙasa ta motsa. Ba wata babbar girgiza ba ce, Inna ma ta ɗauka jiri ne ya ɗebe ta, ta je ta sha magani. Ni kuwa ko ofis ban tsaya ba, na wuce ginshiƙin. Duk sun fashe, daga na ƙasa har wanda sai da tsani ake kaiwa. Tsagar da a da reza ba ta shiga, yanzu ta haɗiye bakin mabuɗin motata. Na tsaya ina kallon igiyar shanya da zanin Inna a kai.

Na ɗauki hotuna a waya na kai wa Darakta. Na ce a hana manyan motoci hawa, a kuma tashi gidajen da ke ƙarƙashi har a yi gyara, domin girgiza ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, kuma ginshiƙin da ya soma buɗewa ba zai ɗauki ta biyu yana ɗauke da tirela ba. Ya juya wayar a hannunsa kamar an miƙa masa mataccen ɓera. Ya ce hoto kowa na iya ɗauka, kuma ba za a rufe gada ana shirin bikinta ba saboda 'yan ɓaraguzan gilashi. Zai yi tafiya, in ya dawo zai zo da kansa, ai gani ya kori ji. Kafin nan in je in duba gadojin da ke can ƙarshen yanki, tunda ga dukkan alamu aiki ya yi mini kaɗan.

Na koma gida na roƙi Inna ta zo ta zauna a wurina. Ta ce mahaifinmu ne ya ɗora tubalin gidan nan, a ɗakin nan ya rasu, kuma ba 'yar da ta goya za ta kore ta daga ciki ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Ƙarshe ta ce in hukuma ta ce a tashi za ta tashi, don ba ta jayayya da hukuma. Na ce ai ni ma'aikaciyar hukumar ce.

"Ke ce hukumar?" in ji ta, ta ci gaba da ninke kayanta.

To, ka ga inda maganar ta tsaya. Fitar Inna daga ƙarƙashin ginshiƙin nan tana hannun Darakta, shi kuma Darakta sai ya ga fasassun gilasai da idonsa.

Kafin in tafi na sami Yaya a bayan gida ya kafa tsani, yana dama shuɗin fenti a gwangwani. Na nuna masa gilasan, na yi masa bayani dalla-dalla: abin da suke yi, abin da fashewarsu ke nufi, wanda zai zo ya gani. Yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan gwangwanin. Na san wannan gyaɗa kan tun muna yara, irin wanda yake yi ne in ana magana ba a kansa ba. Da na gama ya ce, "Gilasanki ne suka fashe ko? Kada ki damu, ƙanwata." Na tafi da zaton ko rabin maganar ya shiga.

Na dawo ranar da Darakta ya sa, daga hanya na wuce can kai tsaye. Na tarar har sun iso, shi da Farfesa da mai ɗaukar hoto, an shimfiɗa musu katako don kada takalmansu su taɓa laka. Inna ta ci ado tana tsaye a bakin ƙofa. Yaya ya ja ƙyallen da ya rufe ginshiƙin.

Ya mayar da tsagar kogi. Ya bi ta da shuɗi tun daga ƙasa har sama, ya zana mata kifaye da jiragen ruwa da bishiyoyi a gaɓa. A kan kogin kuma ga ƙananan gadoji na gilashi a jere, kowacce a gurbin da na kafa nawa, sababbi fil, an goge bakinsu sumul yadda ake yi wa gilashin hoton amarya. Ko ɗaya babu mai tsaga.

Farfesa ya dafe ƙirji. Ya ce wannan gada ce take mafarkin 'ya'yanta, ya umarci mai hoto ya ɗauke shi a gefenta. Darakta ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaya ina fasassun da na tayar masa da hankali a kansu.

Ban kai ga buɗe baki ba Yaya ya amsa, baki har kunne. Ya ce gaskiya ne sun fashe, ya ga abin ya dami ƙanwarsa har tana neman yin kuka, shi kuwa gilashi sana'arsa ce, sai ya ɓamɓare tsofaffin ya yanko mata sababbi, kyauta. Ya faɗi kalmar kyauta da ƙarfi don Inna ta ji.

Na ɗauka wannan ya isa shaida, tunda ga shi an amsa a gaban kowa cewa sun fashe. Amma Darakta, in dai wajen kauce wa aiki ne, kansa na ja. Ya tambayi Yaya yaushe ya sa sababbin. Yaya ya ce washegarin tafiyata.

"Tun lokacin tireloli na wucewa?"

"Dare da rana, ranka ya daɗe."

"Kuma babu wanda ya fashe." Ya juyo gare ni. "Injiniya, ke kika koya mana karatun nan. In gilashi bai fashe ba, me ke nan?"

Na ce tsagar ta tsaya ke nan. Dole na faɗa, don haka ƙa'idar take. Har ga Allah a wannan lokacin wani sanyi na ji a raina. Na ce ko ginshiƙin ya yi motsinsa ya zauna, ko shirmen Yaya ya zo da alheri sau ɗaya a rayuwa. Na yarda a yi mini dariya in dai Inna na cikin aminci. Suka kuwa yi, Farfesa har da cewa masu lissafi ba su da kunnen jin abin da dutse ke faɗa.

Suna tafiya wajen mota na matsa na ɗora babban yatsana a kan gilashin ƙasa. Ya motsa. Na danna, ya lotsa ya dawo, kamar an ɗora shi a kan soso. Na sa farce a gefensa, na ji wani abu mai danƙo, fari, yana miƙewa. Na zura mabuɗina a cikin shuɗin kogin, ya shige har wuya.

Yaya yana bayana yana goge buroshi. Ya ce ai ya lura da kuskurena tun farko, bai dai so ya kunyata ni a gaban manya ba.

"Wa ya ce miki ana kafe gilashi da siminti? Dole ya fashe mana. Gilashi yana son wurin numfashi. Gam mai laushi na sa, irin wanda muke sa wa manyan firam. Yanzu ko ginshiƙin ya buɗe kamar ƙofa, waɗannan ba za su fashe ba. Na ba ki tabbaci."

Na dube shi, da mayafinsa da fentin da ya shafa a kumatu don a san ya yi aiki. Na nemi zagin da ya yi daidai da shi na rasa. Garin neman gira ya cire ido, kuma yana tsaye yana jiran a gode masa.

Na bi motar Darakta a guje, na same ta tana juyawa. Ya sauke gilashi rabi. Na gaya masa abin da na gani, na ce ya sauko ya danna da yatsansa, taku kaɗan ne. Ya dubi lakar, ya dubi takalminsa. Ya ce ya riga ya gani, kuma ni da bakina na amsa a gaban shaidu. Na ce to a bar ni in kafa wasu da siminti yau ɗin nan, kafin mako ya zagayo zai ga sun fashe. Farfesa ya leƙo daga kujerar baya ya ce ginshiƙin yanzu aikin fasaha ne a ƙarƙashin kulawar kwamiti, ba mai ɗora masa ko ƙusa sai da izini, kuma kwamitin ba zai zauna ba sai bayan biki. Gilashin motar ya koma sama.

Da na shiga gida na tarar Inna ta zuba wa Yaya abinci a kwanon mahaifinmu. Ta ce to, hukuma ta zo ta gani, magana ta ƙare, kada in sake tayar mata da zancen tashi. Na ce Inna, tsagar buɗewa take yi, na auna da hannuna yanzun nan. Ta ce ita dai abin da idonta ya gane mata shi ne nawa duk sun fashe, na Yaya ko ɗaya.

"Ki riƙa tambayarsa in abu ya shige miki duhu. Ba a raina na gaba."

Yaya ya ce a bar ta, Inna, yarinya ce. Ya gama ya wanke hannu, ya ce zai wuce. Inna ta ce ya kwana mana, ya gaji. Ya ce ina, shi ba ya iya barci a gidan nan, ƙarar motoci tana hana shi tunani. Can hayin gari yake haya, a unguwar da babu abin da ke saman kansa sai rufin ɗaki.

Washegari da yamma na zo da akwatina da katifa a bayan mota. Inna ta tambaya ko mai gidan hayar ne ya kore ni, na ce a'a, kewa ce. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ce dama ta san zaman kaɗaicin nan ne yake sa ni yawan tsorace-tsorace. Na ce gadonta zai fi shan iska a bakin ƙofa, na ja shi can ba tare da na jira amsarta ba. Na kwance sakatar da ke cijewa, na kawar da bokitai daga hanya, na ajiye mata takalmanta suna kallon waje. Katifata na shimfiɗa ta jikin bangon baya, inda ginshiƙin yake.

Ina cikin shimfiɗa zanin gado wata tirela ta hau sama, mai nauyi, tana tafe a hankali. Kwanukan cikin kabad suka ɗauki ƙara, wata siririyar ƙura ta zubo daga rufi ta sauka a kan matashina. Inna ta ɗaga yatsa tana murmushi.

"Kin ji su?" ta ce. "Suna yi miki sannu da zuwa."