Wutar Baba Gado

"Ɗaga ta sama, Malama, idona bai kai nan," in ji Baba Gado.

Na ɗaga takardar har kusa da hancinsa. Irin wadda ake mannawa a bango ce, gefenta ya yage inda matarsa, Inna Habsatu, ta ɓamɓaro ta daga katangar tasha. A tsakiya ga hotonsa tun yana da ƙarfinsa, farar riga, hannu a sama, baki buɗe. Ya daɗe yana kallon mutumin nan kamar yana son tuna inda ya san shi, sannan ya ce in karanta masa.

Ni ce mai karatun unguwarmu. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da Faransanci a makarantar lakwal nan Dogon Dutsi, kuma tun da na aje aiki duk wanda ya samu takardar likita ko ta kuran, wato kuɗin lantarki, ƙofata yake bugawa, wani ko sannu babu. Katanga ɗaya ta raba ni da su Baba Gado. Su Kiristoci ne, ni Musulma. Ɗana Ja'afar yakan yi tsaki in ya ga na shiga gidan, ni kuwa na gaya masa ranar da ciwon gwiwata ya kwantar da ni ba shi ya dama mini kunu ba, Inna Habsatu ce.

Takardar ta ce majami'ar da ke bakin hanyar Tibiri za ta yi babban taro don tunawa da falkaswa da kuma girmama ubanninsu na ruhaniya. Ƙarƙashin hoton an rubuta da jan rubutu manya-manya: FEU PAPA GADO. Bakina ya riga hankalina, na karanta shi da ƙarfi kafin in gane abin da nake faɗa.

Tsohon ya yunƙura a kan tabarma. "Wagga na san ta! Wuta ke nan. Habsatu, kin jiya? Wuta sunka ce mini."

Bai yi ƙarya ba, feu wuta ce. Amma in aka sa ta gaban sunan mutum, marigayi take nufi. Na dubi bakinsa da babu haƙori yana dariya, na dubi Inna Habsatu tana share ido da bakin zane. Na ninke takardar na miƙa mata, na ce miyata tana kan wuta.

Faransancin Baba Gado duka-duka kalmar nan ce, kuma na san inda ya samo ta, don ya ba ni labarin har na gaji. Da can mai goge ne, yana kiɗa wa 'yan bori a wajen Lugu. Shekarar wata yunwa wani mai wa'azi ya zo daga ƙasashen bakin teku, ya tsaya ƙarƙashin gawo yana ta ihun kalmar, tafinta yana cewa wuta, wuta. Gado ya aje gogensa ya bi shi. Abin da suke kira falkaswa ke nan: a cewarsu Ruhu ya sauko, mutane suka yi ta faɗuwa suna kuka suna magana da harsunan da ba su taɓa koya ba. Daga nan ya shiga ƙauyuka a ƙafa har Dogon Kiriya, wani wuri a ba shi fura, wani wuri a bi shi da jifa. Majami'ar bakin hanyar Tibiri da hannunsa ya buga tubalinta na fari.

Da tsufa ya zo masa ya koma ƙauye ya zauna shiru. Can ƙanensa ya rasu, labarin ya iso gari a karkace aka ce Baba Gado ne ya rasu, waɗanda suka san shi kuma wasu sun mutu, wasu sun koma Yamai. Sai daminar bara da ciwo ya ci ƙarfinsa suka kama ɗaki biyu kusa da ni don su yi kusa da likita. Na sha ce wa Inna Habsatu ta aika majami'ar a sani, ta ƙi. Ta ce da suna nemansa da sun iske shi tun yana ƙauye.

To daga ranar takardar nan gidan ya rasa sukuni. Ya sa aka wanke farar rigarsa aka kai ta guga, ya sa wanzami ya zo. Da na leƙa gaisuwa ya gaya mini abin da ke cinsa. Mai wa'azin nan, kafin ya koma ƙasarsu, ya ɗora masa hannu a ka ya sa masa albarka. Shi kuwa ya bar gari bai ɗora wa kowa ba, don lokacin yana ganin da sauran kwana. Yana so ya ɗora wa yaron da ke riƙe da majami'ar yanzu kafin ya tafi.

Na ce ai sai mu ɗauki amalanke mu kai shi. Ya yi mini wani kallo har na ji kunya.

"Uba ba shi kai kainai, Malama. Zuwa aka a ɗauke shi. Tunda sunka sa hotona, za su zo."

Wallahi na gaji. Gwiwa na ciwo, zafi ya tsaya cak, ga maganar takardar nan da na ɓoye masa ta hana ni sakat. Washegari na hau kabu-kabu na tafi majami'ar, ni da ban taɓa taka ƙofarta ba.

Na iske samari suna ɗaura lasifika a kan itace, ga fuskar Baba Gado a jikin wani ƙyalle da ya kusa rufe bangon gaba. Mata suna wucewa da atamfa iri ɗaya, ita ma fuskar tasa ce a jiki. Faston, Ibrahim sunansa, bai wuce sa'an Ja'afar ba, daga Maraɗi aka kawo shi. Ya ba ni kujera, ya kira ni Mama, ya tambayi gajiya. Na ce masa mutumin da suka kashe a bango yana bayan katangata yana shan kunu.

Na zaci zai yi musu, bai yi ba. Ya zauna a bakin dakali ya riƙe kansa. Ya ce dattawa ne suka gaya masa, ya ce tun yana yaro yake rera waƙoƙin Baba Gado, ya ce da ya sani da a bayansa zai goyo shi. Hawaye na gani na gaske. Amma da ya share su sai ya shiga lissafa mini: an riga an buga atamfa, an gayyato babban baƙo daga Yamai, kuma baƙon ya shirya wa'azinsa kaf a kan annabin da alkyabbarsa ba ta faɗo wa almajirinsa ba sai da aka ɗauke shi sama. Yaya zai tsaya gaban jama'a ya ce sun binne ubansu da baki? Sai ya shirya dattawa tukuna, ya lallaɓa baƙon. Ranar Lahadi, wajen rufe taro, zai zo da mota da kansa.

"Ɗana," na ce, "mutumin ga numfashinai ba ya jiran Lahadi."

Ya ce Allah zai riƙe shi. Na ce to, don ban da ƙarfin gardama da mai cewa Allah.

Na dawo na gaya wa Baba Gado iyakar abin da zan iya: za su zo Lahadi da mota. Ya ce ai ya gaya mini.

Taron ya fara, lasifikarsu tana kai wa unguwarmu in iska ta juyo. Kiɗa ne da ihu, ba a jin magana sosai, na gode wa Allah. Ranar Lahadi tun da hantsi ya sa aka sanya masa rigar, aka jingina shi da matashi a inuwar itacen bedi, fuskarsa tana kallon ƙofa. Rigar ta yi masa yawa har kafaɗa tana zamewa. Ya ƙi cin komai wai kada ya ɓata ta. Na yi azahar na dawo na zauna kusa da Inna Habsatu, duk motar da ta wuce a titi sai mu ɗaga kai.

Can kiɗan ya tsaya, iska kuma ta juyo sosai. Muryar baƙon ta taso da Faransanci, tafinta yana bin sa da Hausa, jimla bayan jimla. Na ji ya ce "Feu Papa Gado," na ga tsohon ya gyara zama yana murmushi. Sai tafinta ya ce, tar kamar a tsakar gidan yake:

"Marigayi Baba Gado, Allah shi ba mu rabin abin da ya ba shi."

Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Inna Habsatu ta sa hannu ta toshe bakinta. Shi bai motsa ba. Baƙon ya sake faɗa, tafinta ya sake fassarawa, yadda ko kurma zai gane kalmar nan da waccan abu ɗaya ne.

Ya juyo gare ni a hankali. "Kin san haka, Malama?"

Na ce na sani.

Ya gyaɗa kai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ciro hularsa ya aje a cinya, ya ce wa matarsa, "To, Habsatu, sun hutasshe ki aikawa." Ya nemi ruwa, ya sha kaɗan, sauran ya zubo a gaban rigar bai kula ba.

Aka ta da waƙa, ɗaya daga cikin nasa, wadda ya ɗora a kan karin gogensa na da. Da ganguna da garaya ta kuran suke yin ta, suna gudu. Na ga yatsansa yana bugun tabarma a hankali, ba tare da su ba, a bayansu. Ya ce sun cika sauri. Ya ce a kwantar da shi, ya gaji da zama. Muka zame matashin, Inna Habsatu ta ɗora kansa a ƙafarta tana yi masa fifita. Waƙar ba ta ƙare ba Inna Habsatu ta daina fifitar, ta shafa idanunsa ta rufe.

Ana kiran la'asar motar ta tsaya a ƙofa, an ɗaura mata ganye da kyallaye. Fasto Ibrahim ya shigo da saurinsa, dattawa biyu a bayansa, kowa da atamfar nan. Ya ga fuskokinmu ya tsaya. Ni dai ko kallonsa ban iya yi ba don haushi.

Ya cire takalmi, ya rarrafo har bakin tabarma. Ya dubi Inna Habsatu, ta kau da kai. Ya kama hannun tsohon ya ɗora a kan kansa, ya saki. Hannun ya zame ya faɗi a tabarma. Ya sake ɗauka ya ɗora, wannan karon ya riƙe shi a wurin da hannuwansa biyu.